Mashin Ɗin da Ba Ya Magana

Yanzu na iso shekarar da nake ta kewayewa tun da na fara rubutun nan. Na ba ku labarin yadda na koyi gyaran injin ban-ruwa, na ba ku na ginin gidanmu na Wurno, har labarin akuyar da ta cinye mini takardar shaidar aiki sai da na kawo, duk don kada in zo nan. To, wurin ɓuya ya ƙare mini. Ku 'ya'yana kun tashi da labari guda a bakinku, wai babbanku Bello ya sayo wa iyayensa mashin mai tsada, Innarku ta hau sau ɗaya ta ce ba ta so, aka jingine shi a zaure wata bakwai. Na ji Nana tana ba 'ya'yanta shi haka, har da dariya, a matsayin rigimar tsofaffi. Ni na bar labarin ya tafi a haka, domin ya rufa mini asiri. Ba haka aka yi ba. Wadda za ta ƙaryata ni ta riga mu gidan gaskiya, kuma ko tana nan ba za ta yi ba, saboda haka dole in ƙaryata kaina.

Sai kun tuna tsohon mashin ɗina kafin ku gane sauran. Babba ne, baƙi, mai tanki kamar tulu, irin na doguwar tafiya, na saye shi a hannun wani ma'aikacin gandun daji da ya ajiye aiki. Sana'ata ba ta zaman shago ba ce. Inji ba ya lalacewa a cikin gari, a tsakiyar fadama yake mutuwa, albasa tana jiran ruwa, mai gona yana zagin duk wanda ya gifta. Saboda haka kullum ina kan hanya, yau fadamar Wurno, gobe Rabah, jibi can bayan Goronyo, akwatin sifanu ɗaure a kariya. Giya biyar gare shi, da kuloci mai tauri wanda ba kowane hannu ke iya matsewa ba, kuma ina alfahari da wannan taurin, ban taɓa ɓoyewa ba. In na shiga yashi na sauke shi zuwa biyu, ya yi gurnani ya fita, sai in ji kamar ni na haife shi.

Idanun Innarku sun fara tafiya tun Nana tana firamare. A hankali suka tafi, daga gefe zuwa tsakiya, likitan ido a Sakkwato ya ce irin ciwon nan ba ya jin aiki. Cikin gida ba ta da damuwa, ta san taku nawa ne daga ɗakinta zuwa murhu, tana tankaɗe, tana tsince wake da yatsa fiye da masu ido. Amma da zarar ta fita ƙofar gida, sai ta zama baƙuwa a garin da ta yi aure. Mota kuwa ita ce babbar abokiyar gabarta. In aka rufe ta a ciki sai juwa da amai, ta ce ji take kamar an sa ta a buhu ana jijjigawa. Wuri ɗaya ne a waje take jin ta san duniya, shi ne bayana a kan mashin ɗin nan, hannu ɗaya a kariya, ɗaya riƙe da bayan rigata. Ni kuwa kun san ni, magana a wurina kamar cire haƙori ce. Sai mu bar Wurno mu kai Goronyo ban ce uffan ba. Na ɗauka zama kawai take yi tana shan iska, sai wata rana na ji muryarta a kunnena.

"Mun wuce kwalbatin nan mai rami."

"Wa yag gaya miki?"

"Mashin ɗin yag gaya min. Kas sauko ukku, kas sauko biyu, yay yi tari, sannan kak koma. Yanzu saura yashin ƙorama."

Ashe duk shekarun nan karanta hanya take yi daga ƙafata ta hagu. Kowane canjin giya wani wuri ne a wurinta. Gangaren fita gari yana da nasa, kwanar da ake sayar da rake tana da nata, cunkoson kasuwar Goronyo giya ɗaya ce da yawan matsa kuloci. Har ta kai in mun zo gindin tsamiyar da wata Bafillatana ke sayar da nono, ita take fara yin sallama tun matar ba ta ɗago kai ba, mutane suka fara cewa idon matar mai gyaran inji ya buɗe. Ta fi ni jin daɗin wannan ƙaryar. In mun dawo gida sai ta ba ku labarin hanya tiryan-tiryan, kuna buɗe baki.

Duk wannan tafiya wuri ɗaya take nufa, Taloka, gidan yayarta Adda Kulu. Ita ta goye Innarku bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi mata kitso na farko, ita ta kai ta ɗakin miji. Da tsufa ya zo, sai ya raba musu kaya: ɗaya ba ta gani, ɗaya ba ta ji. Waya ba ta da amfani a tsakaninsu. Mun gwada, Adda Kulu ta riƙe ta a kunne tana ihu, "Wa ka magana? Ku ce ta ɗaga murya!" har kuɗin ya ƙare. Sai an zauna a tabarma ɗaya, gwiwa tana taɓa gwiwa. Adda ta yi ta zuba da ƙarfi, Innarku ta riƙe hannunta, ta matsa sau ɗaya in ta yarda, sau biyu in ta ƙi, in abin dariya ne ta girgiza hannun gaba ɗaya. Haka za su wuni, kuma ban taɓa ganin hirar da ta kai tasu cika ba. Duk mako biyu, ranar kasuwar Goronyo, nake kai ta. Ban taɓa fashi ba sai da dalili mai ƙarfi.

A lokacin dashen albasa abin ya same ni. Ina tsakiyar fadama da hantsi, na ja igiyar wani inji, sai na ga ƙasa ta taso ta same ni. Hawan jini ne, ya taɓa mini ɓarin hagu. Allah Ya yi mini da sauƙi. Bakina ya miƙe cikin mako biyu, ƙafa ta dawo cikin wata guda, har na koma zuwa masallaci ba sanda. Hannun ne ya yi taurin kai. Yana riƙe kofi, yana riƙe carbi, amma ba ya damƙa. Ranar da na fara zama a kan mashin ɗina na kai yatsu ga kuloci, ko rabi bai shigo ba. Na zauna a zaure ina kallon hannun kamar na wani ne aka ara mini.

Ana cikin haka sai ga Bello daga Sakkwato da a-kori-kura, an ɗauro wani jan mashin ɗan Kwatano, mai faffaɗan mazauni, har da majingina a baya don wanda aka goya. Yana ta murna kamar shi aka sayo wa.

"Baba, wanga ba shi da kuloci, ba shi da giya. Otomatik na. Totur ɗai za ka murɗa, shi ka canza ma kainai. Birki ga hannun dama da ƙahwad dama. Hannun hagu riƙon kai ɗai na aikinai."

"To ni mi ni ka yi bisanai? Zama?"

"Zama da kai Inna Taloka."

Bari in faɗi gaskiyar mashin ɗin nan, tun da ban faɗe ta a lokacin ba. Mai kyau ne. Na kwana biyu ina auna shi da nawa a cikin kaina, irin awon makaniki. Ya fi nawa shan mai, wannan gaskiya ne. A cikin yashi ba ka da ikon ce masa ga abin da za ka yi, shi yake yanke shawara, kuma in cikinsa ya lalace babu mai buɗe shi a Wurno. Amma ba ya mutuwa a hannunka a kan hawa, ba ya fizga, ba ya gajiyar da mutum a doguwar hanya, kuma an yi shi ne daidai da mutum mai hannu ɗaya da rabi. Duk wanda ya san inji ya san amsar. Ni ma na sani.

Ranar wata Laraba da la'asar na ɗauki Innarku gwaji, daga gida zuwa bakin fadama mu dawo. Ta shafa mazaunin, ta shafa majinginar, ta ce wancan yaron ya iya zaɓe, domin ba ta kama sunan ɗan fari. Muka tashi sumul, babu ƙara, babu tari. Ba mu yi nisa ba na ji ta ƙara damƙe rigata.

"Malam, ina muke?"

"Bakin makaranta."

Can kuma, "Ina muke?"

"Gangare."

Da ta tambaya na uku, sai na ji muryarta ta canza, ta zama ƙarama, irin ta wanda ya ɓata a kasuwa. Shekara goma sha biyu ba ta taɓa yi mini wannan tambayar a kan hanya ba. Da muka dawo ta sauka, ta tsaya dafe da bango, ta ce, "Wanga mashin ba shi magana." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ina so ku karanta shi sau biyu. Ba ta ce ba ta so ba. Ba ta ce ba za ta ƙara hawa ba. Har ta ƙara da cewa, "Amma za ni sabawa."

Wannan na ƙarshen shi ne ban gaya wa kowa ba. Dalili kuwa, a safiyar ranar na riga na bi ta majalisarmu ta bakin tasha a kan jan mashin ɗin, abokina Garba mai faci ya miƙe tsaye ya cire hula.

"Jama'a ku ba da hanya, ga Malam Ummaru bisa keken ɗinki! Malam, in ka gama ka ɗinke min aljihu."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Wani ya ce mashin marar giya ai sai amarya. Wasa ne na mutanen da muka tsufa tare, Garba ba shi da mugun nufi, shi ya fi kowa zarya a kaina ina kwance. Amma maganar ta shige ni har ƙashi. Shekara talatin ana sanina da mutumin da ke ratsa yashin da mota ke tsoro, yau ga ni a kan abin da ke tuƙa kansa. Saboda haka da Innarku ta ce mashin ba ya magana, sai na cafke maganar kamar an jefo mini igiya a rijiya. Na kira Bello na ce Innarsa ba ta jin daɗinsa. Na tura jan mashin ɗin ƙuryar zaure na rufe da tabarma. Na ce mata ta ba ni mako biyu, hannuna zai dawo, in kai ta Taloka a kan mashin ɗin da ta sani. Na ce saboda ita nake yi. Akwai gaskiya a ciki, ba zan zalunci kaina ba, domin muryar nan tata ta tsoro ta tsaya mini a rai. Amma in an raba dalilin nan kashi uku, biyu nawa ne.

Daga nan kullum bayan sallar asuba sai in zauna a kan baƙin mashin a zaure ina matsa kuloci. Ma'aikaciyar asibiti ta ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa, na ba jikoki suka yi wasa da shi. Innarku tana jin ƙarar ƙarfen daga ɗakinta, in na shigo karin kumallo ta ce, "Yau nawa?" In ce huɗu. Wani mako in ce bakwai. Daga Wurno zuwa Taloka kuwa mutum zai matsa kuloci ya fi sau ɗari, ita ta fi ni sanin adadin, amma sai ta ce, "Madalla, ana samun ci gaba." Mako biyu ya zama wata, aka cire albasa, zafi ya zo ya wuce, ruwa ya sauka, aka yi shuka. Saƙo yana ta zuwa daga Taloka ta hannun masu zuwa kasuwa, ƙullin daddawa, ƙullin kuka, da magana guda ba ta canzawa: a ce wa autata ta zo. Aka ce jikin Adda sai a hankali, amma na tsufa ne, tana ci tana sha. Ni kuwa na riƙe wannan "na tsufa ne" da hannu biyu, har da marar lafiyar.

Wata rana da gero ya kai gwiwa, Innarku ta same ni ina wanke fulogi a tsakar gida.

"Malam, ko in shiga mota? In na yi amai na yi. Kwana guda ɗai na."

"Ina raye, ina numfashi, mota ta kai ki Taloka? Mi mutane za su cewa? Na ce ki ba ni kwana kaɗan."

"To. Allah Shi kai mu."

Ta juya ta koma ɗaki tana ƙirga takunta. Wannan ita ce maganar da na fi so a ce ban taɓa yi ba a duniya. Kuma ba ita ce ƙarshen abin kunyar ba. Ni makaniki ne, ba na iya barin inji ya mutu a tsaye, saboda haka duk Juma'a nakan ɗaga tabarma in tayar da jan mashin ya yi ɗumi. Da wani tsohon mai hulɗa da ni ya aiko daga Rabah cewa injin niƙansa ya tsaya, sai na fitar da shi ta bayan gari, inda 'yan majalisa ba za su gan ni ba, na je na gyara na dawo kafin la'asar. Lafiya lau ya kai ni, ko gumi ban yi ba. Na shigo ina sanɗa kamar ɓarawo, na manta da kunnen da nake aure.

"Ya kai ka lahiya?"

"Ya kai ni."

"To, madalla."

Ta ci gaba da tsince wakenta. Na jira ta ƙara ko kalma ɗaya, da ta ƙara da na ce ta shirya gobe. Ba ta ƙara ba, ni ma ban ce ba. Na gaya wa kaina saura kaɗan, ranar na matsa kuloci sau ashirin da biyu.

Bayan kwana tara, da hantsi, waya ta yi ƙara a aljihuna. Ɗan Adda Kulu ne. Ya ce ta cika bayan asuba, ana shirin kai ta. Na shiga na gaya wa Innarku. Ba ta yi kuka ba a lokacin, ta yi salati, ta laluba ta ɗauko mayafinta, ta fito ta tsaya a zaure tsakanin mashin biyu, ba ta ce ga wanda za a hau ba. Na yaye tabarmar. Muka bi ta gaban majalisa, Garba ya miƙe, ya ga fuskokinmu, ya koma ya zauna.

Da muka kai gangaren fita gari na ji hannunta ya fara damƙe rigata, irin damƙar ranar gwaji. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na juya kai kaɗan na ce, "Gangare. Biyu." Muka yi gaba na ce, "Mun hau kwalta. Ukku, huɗu." Na ce ga kwanar masu rake, yau ba kowa. Na ce ga kwalbati mai rami, an cike shi da ƙasa. Na ce gero ya yi kyau ta hannun dama, ta hagu ruwa ya kwanta a gona. Na gaya mata tsamiya, na gaya mata Bafillatanar ba ta fito ba, wata yarinya ce a wurin da ƙwarya biyu. Abubuwan da giya ba ta taɓa gaya mata ba, duk na gaya mata. Hannun ya saki rigata a hankali. Da muka hango rumfunan Goronyo, sai ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Ashe da bakinka, Malam."

Babu faɗa a muryarta, da ma akwai. Abin da ya hana ta ganin yayarta wata bakwai ke nan, abin da na iya yi tun ranar Larabar nan da la'asar, ba tare da kuloci ko ɗaya ba. Na ci gaba da kiran wurare har Taloka, domin in na yi shiru ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Mun tarar an dawo daga maƙabarta. Na riƙe hannunta na kai ta har ƙofar ɗakin Adda, mata cike, aka buɗa mata hanya. Ta durƙusa tana shafa tabarmar da suke zama, daga wannan gefe zuwa wancan, tana neman gwiwar da ba ta nan. A nan kukan ya zo. Sai surukar Adda, ba da nufin komai ba, ta ce duk ranar kasuwar Goronyo tsohuwa takan sa a fitar mata da tabarmar nan zaure, ta zauna tana kallon hanya har la'asar, tun da ba ta jin ƙarar mashin sai dai ta gan shi. Ta ce ko makon jiya sai da aka fitar da ita. Wata tsohuwa daga ƙurya ta ce, "Ke kuwa mi yah hana ki zakkuwa?"

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Innarku ta share fuska da bakin mayafi, ta juyo daidai inda nake tsaye, kamar tana ganina.

"Malam na ba shi da lahiya. Hannunai na yah hana mu. Ku yi mishi addu'a."

Mata suka shiga yi mini sannu, suna roƙa mini sauƙi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina amsawa da amin, makullin jan mashin ɗin yana damƙe a cikin hannun da ta ɗora wa laifi.